Sabo da Ƙarfen Asuba

Sabo: Alo? Alo, Baba Inuwa! Salama, Baba! Kana jina?

Baba Inuwa: Wa ke nan?

Sabo: Sabo ne daga Wudil! Sabo na zumuntar matasa!

Baba Inuwa: Na ji. Rage murya. Ido aka yi mini aiki, kunnena lafiya lau.

Sabo: Yi haƙuri, Baba. Barka da yamma. An wuni lafiya?

Baba Inuwa: Lafiya.

Sabo: Ya jiki? Ya idon?

Baba Inuwa: Da sauƙi.

Sabo: Ya Anti Auta da yara? Ya mutanen Kano? Ya baƙunta?

Baba Inuwa: Gidan 'yata ne, ina baƙunta? Yau wace rana?

Sabo: Asabar, Baba.

Baba Inuwa: Sama fa?

Sabo: Hadari ya haɗu ta wajen Utai, baƙi ƙirin. Kogi ya cika, har masu ɗiban yashi sun janye jiragensu.

Baba Inuwa: Nan rana ake yi. Ya Fasto?

Sabo: Yana gaishe ka. Zumuntar mata suna gaishe ka, mawaƙa suna gaishe ka, kowa da kowa. Dawarka kuma, Baba, in ka gan ta! Ta wuce ni tsawo!

Baba Inuwa: Kai ɗin guda nawa kake?

Sabo: Hahaha! Kai, Baba! Ashe ka warke. Baba, kana zaune? Zauna da kyau, ina da labari. Mun je taron matasa na gunduma a nan cikin Wudil, kwana uku. Baba, wuta! Mai wa'azin nan ya yi magana har gashin jikina ya miƙe. Ya ce matashin da ba shi da buri a rubuce, kwanakinsa zubewa suke yi. Ya ce kowa ya ɗauki biro. Na rubuta goma sha tara!

Baba Inuwa: Tara?

Sabo: Goma sha tara, Baba! Na ɗaya, in karance Maganar Allah daga farko har ƙarshe kafin Kirsimeti. Na biyu, azumi Laraba da Juma'a. Na uku, ba ni ba kallon ƙwallo sai na yi addu'ar awa guda. Na huɗu, in koyi jita. Na biyar, in fita jami'a da sakamako mafi girma. Na shida, in gina makarantar marayu mai hawa uku...

Baba Inuwa: Da me?

Sabo: Ubangiji zai tanada. Na bakwai...

Baba Inuwa: Ka ci abinci yau?

Sabo: Na sha koko. Na bakwai...

Baba Inuwa: Ƙarfe fa?

Sabo: Na'am?

Baba Inuwa: Ƙarfe.

Sabo: Alo? Baba, sabis ɗin nan... alo? Muryarka tana yankewa.

Baba Inuwa: Ina jin numfashinka sarai.

Sabo: Au, ƙarfen addu'ar safe kake nufi?

Baba Inuwa: Muna da wani? Wilin tirela guda ɗaya ne rataye a darbejiyar coci. Sati uku ke nan da na ba ka guduma na ce ka riƙa bugawa. A cikin goma sha taran nan, shi ne na nawa?

Sabo: Ai shi... shi Baba ba buri ba ne, aiki ne.

Baba Inuwa: Ba ya ciki ke nan.

Sabo: Ba ya ciki. Amma ina bugawa! Kullum! Kusan kullum. Baba, ka yi mini alkawari ba za ka yi fushi ba. Likita ai ya hana ka fushi, ko?

Baba Inuwa: Dariya da tari ya hana ni. Faɗi.

Sabo: Ranar Alhamis an kwana ana ruwa. Alam ɗina ya kaɗa, na yi tsalle, na wanke fuska, na ruga. Biyar da arba'in daidai na ɗaga guduma.

Baba Inuwa: Wa ya ce maka biyar da arba'in?

Sabo: Ranar da ka nuna mini, na saci kallon waya lokacin da ka buga. Biyar da arba'in ne. Sai na sa alam a kai. Kwana goma sha takwas ban kuskure ko minti ɗaya ba, Baba, ka tambayi Fasto.

Baba Inuwa: Ci gaba.

Sabo: To ka san daga taro na dawo, jikina cike da zafi. Kai bakwai kake bugawa, a hankali, kamar mai jin barci...

Baba Inuwa: Kamar me?

Sabo: Cikin natsuwa nake nufi! Ni kuwa na ce yau sai shaiɗan ya bar Wudil. Na yi ashirin da ɗaya. Har da ɗan salo irin na gangar mawaƙa. Kwam, kwam, kwam-kwam-kwam!

Baba Inuwa: Kunnena, yaro.

Sabo: Ina ajiye guduma, ƙarar tana lafawa, sai na ji wata murya daga masallacin bayanmu. Malam Garzali ne, liman. Baba... karatu yake yi.

Baba Inuwa: Karatu.

Sabo: Salla suke yi, Baba. Raka'a ta biyu. Ashe in ana ruwa yakan ɗan jinkirta don mutane su iso. Alo? Baba? Kana nan?

Baba Inuwa: Ina nan.

Sabo: Ka yi fushi, ko?

Baba Inuwa: Taku nawa ne daga darbejiya zuwa bangon masallacin nan?

Sabo: Ba su kai talatin ba.

Baba Inuwa: Ashirin da shida. Shekara talatin da huɗu ina buga ƙarfen nan, ka taɓa ganin agogo a hannuna?

Sabo: A'a.

Baba Inuwa: Shekarar da muka rataya shi, gari ba daɗi. Na je zauren mahaifin Garzali, shi ne liman a lokacin. Ya ce, Inuwa, ku bari mu sallame. Na ce to. Ba takarda, ba shaida. Daga ranar, su gama, mu fara. Ko ranar da matata ta rasu sai da na jira su.

Sabo: Wayyo Allah. Baba, me ya sa ba ka faɗa mini ba? Cewa kawai ka yi, ka buga lokacin da nake bugawa!

Baba Inuwa: Na zaci kana da kunne.

Sabo: Kunne ina da shi, waya ce ta yi mini yawa.

Baba Inuwa: Kai wa Labaran gudumar.

Sabo: Baba!

Baba Inuwa: Labaran tela. Ba ya zuwa taro, ba ya rubuta komai, amma ba ya makara. Zan kira Fasto.

Sabo: Don Allah, Baba, tsaya! Ban gama ba. Akwai na Juma'a.

Baba Inuwa: Akwai wani kuma?

Sabo: Ka ji shi tukuna, in ka ga dama ka kore ni har daga garin. Ranar Juma'a na tashi, na ɗauki guduma, na fito, na hango fitilar masallaci, sai na juya. Na koma ɗaki na rufa da zane.

Baba Inuwa: Ba ka buga ba.

Sabo: Ban buga ba.

Baba Inuwa: Na Alhamis kuskure ne. Wannan tsoro ne. Ya fi muni. Mutum nawa suka zo addu'a?

Sabo: Huɗu. Har da Fasto. Ɗaya ma ƙofa ya zo buɗewa. Amma Baba, ba su ne abin ba. Wajen bakwai da rabi ina kwance a ɗakina na harabar coci sai na ji ana dukan ƙofar coci kamar za a ɓalle ta. Na leƙa ta taga. Safara'u!

Baba Inuwa: Sahura?

Sabo: Safara'u mai koko da ƙosai, ta bakin titi! Da ludayi a hannu, Baba, ludayin yana ɗiga! Tana cewa, ina ɗan makarantar nan? Ya fito! Jiya ya kusa fasa mana kunne, yau ya kashe mini kasuwa!

Baba Inuwa: Ina ruwanta da ƙarfenmu?

Sabo: Abin da na tambaya ke nan! Ashe in ta idar da salla takan ɗan kishingiɗa, ƙarfenka ke tashinta ta ɗora mai. Shekara ashirin, in ji ta. Ga shi Juma'a, ranar kasuwar kara, masu shanu sun cika titi suna neman karin kumallo, ita tana ta minshari. Duk suka tafi wajen mai shayi. Ta ce in Baba Inuwa ya san hannun da ya bar wa guduma, da ido ɗaya zai taho daga Kano a ƙafa.

Baba Inuwa: Hm. Hm-hm.

Sabo: Baba, dariya kake yi?

Baba Inuwa: Tari ne.

Sabo: Shi ma ai an hana ka!

Baba Inuwa: Rufe mini baki. Da ludayi?

Sabo: Da ludayi! Ta nuna Fasto da shi, koko ya fallatsa masa a riga. Shi kuwa Fasto sai haƙuri yake ba ta yana lasar yatsa, yana cewa, ai kuwa ya yi tsami daidai.

Baba Inuwa: Hohoho! Wayyo idona! Auta, ba komai, koma ciki. Ba dariya nake ba. Kai, yaron nan za ka warware mini ɗinki.

Sabo: To ka yafe ke nan?

Baba Inuwa: A'a. Labaran.

Sabo: Haba Baba! Saura na liman fa. Bayan la'asar aka ce Malam Garzali yana kirana.

Baba Inuwa: Ka je?

Sabo: Na sa rigar Lahadi. Na kira mahaifiyata na ce ta yafe mini duk abin da na taɓa yi mata, ta ce me ya faru, na ce ba komai, gaisuwa ce. Na tafi ina addu'ar da ban taɓa yin irinta ba ko a taro. Na yi sallama, ya nuna mini tabarma. Na zauna a bakin-baki yadda zan iya tashi da gudu.

Baba Inuwa: Me ya ce?

Sabo: Sai da ya tambayi idonka, ya tambayi karatuna, ya tambayi mutanen garinmu ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa gumi har cikin takalmi. Can ya ce, ɗan samari, jiya ka shigo mana sahu da guduma, sai da na ji ta a haƙorina. Na durƙusa na ce Malam a gafarce ni, ban sani ba. Ya ce na san ba ka sani ba, Inuwa magana tsada take yi masa.

Baba Inuwa: Shi ya ce haka?

Sabo: Da bakinsa. Ya ce wasu samari sun hasala, ya ce musu su zauna, shi ya san maganar da ke tsakanin mahaifinsa da kai. Sai ya ce, amma na yau ya fi ba ni haushi. Wai in mutane sun watse yakan zauna yana lazimi, sai ya ji ƙarfenka yake miƙewa ya je ya sha maganin hawan jini. Ranar yana zaune yana jira har rana ta fito, uwargida ta aiko a duba ko lafiya.

Baba Inuwa: Garzali ke nan. Tun yana yaro ba ya tashi sai an tashe shi.

Sabo: Sannan ya faɗa mini abin da ban sani ba. Ya ce kullum in zai wuce masallaci, tun kiran farko, yana haska ka da tocila kana zaune a kan dutsen gindin darbejiya. Ruwa ko iska. Baba, gaskiya ne? Kusan awa guda kafin ka buga?

Baba Inuwa: In ba ka zauna ba ta ina za ka ji sun gama?

Sabo: To me kake yi duk tsawon lokacin nan?

Baba Inuwa: Addu'a.

Sabo: Ta awa guda? Kai da ko a sujadar Lahadi in an ce ka rufe mana da addu'a kafin mu rufe ido ka ce amin?

Baba Inuwa: Sunaye nake kira. Gida-gida. Naku na matasa a ƙarshe, don ku kuka fi cin lokaci.

Sabo: Har da ni?

Baba Inuwa: Kai sau biyu.

Sabo: Allah sarki, Baba! Don ka fi so na?

Baba Inuwa: Don ka fi bukata.

Sabo: Hahaha! Na karɓa haka. Kai, waya ta yi ƙara, katina ya kusa ƙarewa. Baba, kar ka kira Fasto tukuna, ka ji na yau.

Baba Inuwa: Ka bar wajen Garzali jiya. Da gari ya waye me ka yi?

Sabo: Kafin ya waye, Baba. Na ce wa Ubangiji, ka tashe ni da kiran farko. Amma don kar in ba shi wahala, na sa alam uku.

Baba Inuwa: Uhm.

Sabo: Na tashi, na bar wayar a ƙarƙashin filo, na ɗauki guduma na je na zauna a kan dutsenka. Baba, dutsen nan sanyi! Ga sauro kamar an aiko su. Na fara addu'a da ƙarfi irin ta taro, minti uku maganata ta ƙare kaf. Na maimaita, ta sake ƙarewa. Hannuna sai laluben aljihu yake yi yana neman waya. Na ce yau na shiga uku, haka Baba yake yi shekara talatin da huɗu?

Baba Inuwa: Shekara biyun farko sun fi wuya.

Sabo: Shekara biyu! To da na rasa abin faɗa sai na yi shiru. Sai na fara jin abubuwa. Tirela a kan gada, na ce Ubangiji ka kai direban nan gida. Jariri yana kuka a gidan Labaran, na ce ka ba uwarsa barci. Wani yana tari ta bayan katanga, ban san shi ba, na sa shi ciki. Na tuna abokin ɗakina na aji ɗaya da muka yi faɗa a kan risho, shekara biyu ba ma magana, na ce to shi ma. Baba, kafin in ankara har sun tada salla. Ban san inda lokacin ya bi ba!

Baba Inuwa: Garzali ya wuce?

Sabo: Ya wuce tun da fari, ya haska ni a fuska, ya ce uhm, ya tafi. Irin uhm ɗinka sak.

Baba Inuwa: Da ka ji sallama sai ka buga.

Sabo: A'a.

Baba Inuwa: Ka sake jin tsoro?

Sabo: A'a, Baba! Na miƙe, na ɗaga guduma, sai na ji wurin ya yi tsit. Na ce a raina, mu ma in an ce amin ai ba nan take ake tashi ba, kowa yana da ɗan abin da yake faɗa wa Allah shi kaɗai. Sai na sauke hannu na jira.

Baba Inuwa: Har yaushe?

Sabo: Har na ji takalma. Ka san silifas in ana sa su a bakin ƙofa, fat, fat, ana ja a kan siminti. Da na ji sun yi yawa, sai na buga. A hankali. Mutum ashirin da uku suka zo addu'a, Safara'u kuma ta aiko mini da koko. Alo? Baba? Sabis ne ko kai ne?

Baba Inuwa: Wa ya faɗa maka maganar takalma?

Sabo: Ba kowa.

Baba Inuwa: Garzali?

Sabo: Bai ce ba. Na yi laifi ne? In da sallama ake bugawa, gobe sai in...

Baba Inuwa: Ni sai da na shekara shida kafin na gane ta.

Sabo: Iye?

Baba Inuwa: Saurara, katinka zai ƙare. Likita ya ce ba ni ba ɗaga abu mai nauyi, ba ni ba sanyin asuba. Ko na dawo, a benci zan zauna. Shekara nawa ta rage maka a makaranta?

Sabo: Biyu, in malamai ba su tafi yajin aiki ba.

Baba Inuwa: To riƙe gudumar shekara biyun nan. Kullum. Ranar jarrabawa, ranar zazzaɓi, ranar da ba ka jin komai a zuciyarka. Kafin ka tafi ka zaunar da wani kusa da kai ka koya masa. Da baki. Kar ka yi irin nawa.

Sabo: Baba! Baba, da gaske? Ba Labaran? Ni? Wayyo, Yesu na gode! Baba, tsalle nake yi, mutane suna kallona a bakin titi! Mai lemo, Baba Inuwa ya bar mini guduma! Baba, ba zan ba ka kunya ba, gobe tun ƙarfe uku zan...

Baba Inuwa: Kiran farko ya isa.

Sabo: Kiran farko! Kuma zan nemo fenti in shafe wilin nan ja da fari, in sa wa dutsen matashi, in...

Baba Inuwa: Kar ka taɓa mini dutse. Sabo? Alo?

Baba Inuwa: To.